Jagorar Mai Tara Tsofaffin Lambobi da Allunan Ƙarfe: Fara da Gefe, Ka Bar Fuska Sai Daga Baya

Kusan duk sabon shiga da ya kawo mini tsohuwar lamba ko allon tagulla in duba masa, kafin ya iso ya riga ya aikata ɗaya daga cikin abubuwa uku. Ko ya dirje ta da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido, ko ya kai ta wajen maƙeri an ci gefenta da magagari don a ga ko azurfa ce, ko kuma ya karanta shekarar da ke fuskarta ya yanke cewa a shekarar aka ƙera ta. Biyun farko ɓarna ce da ba ta da magani. Na ukun kuwa shi ke sa mutum ya zuba kuɗin gaske a kan abin da aka buga a zamanin ubansa. Maimaituwar waɗannan kurakurai ce ta sa na ga ya dace in shimfiɗa yadda ake bin aikin daki-daki, tare da dalilin kowane mataki.

Lambar da nake nufi ba kuɗi ba ce, ba a cefane da ita. Faifan ƙarfe ne da gwanin sassaƙa ya tsara don tunawa da wani mutum, ko wani gini, ko wani abu da ya faru. Sana'ar ta soma a Italiya wajen 1438, lokacin da mai zane Pisanello ya zuba lambar sarkin Rumawan Gabas, John na Takwas, wanda ya zo taron manyan malaman coci a garin Ferrara. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, Gentile Bellini da Costanzo na Ferrara kowannensu ya yi lambar Sultan Muhammad Al-Fatih, wanda ya ci Istanbul a 1453. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa Jamus, Faransa, Ingila, har Amurka. Zagayayya mai ado gaba da baya ita ce lamba. Mai kusurwa huɗu da ado a fuska ɗaya, in bai wuce santimita 20 ba, ƙaramin allo ne, ana ajiye shi tare da lambobi. In ya wuce haka ya zama allon bango.

Irin waɗannan kaya suna isowa hannunmu ta hanyoyi sanannu: akwatin kakan da ya yi soja ko aikin gwamnati a zamanin Turawa, tarkacen gida da ake shigowa da su gwanjo daga Turai, rumfunan masu kayan da a tsofaffin kasuwanni, wani lokaci ma tsibin 'yan gwangwan inda ake sayar da su a kan kilo. Ko ta ina ta zo, ka riƙe abu ɗaya: fuskar lamba tana gaya maka abin da ake tunawa ne kawai. Shekarunta na gaskiya suna gefenta, da bayanta, da cikin ƙarfen kansa. Mai sayen doki ba ya tambayar sirdi shekarun doki, baki yake buɗewa ya duba haƙora.

Kayan aiki

- Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo.
- Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, da babba don alluna.
- Ma'aunin faɗi da kauri mai muƙamuƙi biyu irin na makanikai. Na roba ya fi, domin na ƙarfe yana karce gefe.
- Ƙaramin mayen ƙarfe.
- Tocila.
- Safar hannu mai tsabta, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur.
- Buroshin fenti mai laushi.
- Kofin roba, zare, da tataccen ruwa irin na kantin magani. Kada ka rikita shi da ruwan batir mai asid.
- Littafin rajista da waya mai ɗaukar hoto.

Da gangan na bar man goge ƙarfe, soson ƙarfe, magagari da ruwan gwajin gwal. Kada ma su kusanci teburin.

1. Riƙe ta da kyau, kada ka wanke

Ka ɗauke ta ta gefe, da safar hannu, a saman tawul. Gumi yana da gishiri, kuma shatin yatsa a kan azurfa ko jan ƙarfe yakan ci ya zauna har abada. Ƙura kuwa buroshi ya ishe ta.

Launin nan na ƙasa-ƙasa, ko baƙi-baƙi, ko kore mai santsi da ka gani a jikin tagulla ba dauɗa ba ne. Wani shekaru ne suka shimfiɗa shi, wani kuma mai sana'ar ne ya sa shi da hannunsa, da wuta da sinadari, don tudu da kwarin zanen su fito. In ka goge shi ka cire wani ɓangare na aikin gwanin, ka kuma shafe shaidar da za a gane shekarun lambar da ita. Toka da yashi suna barin dubban ƙananan karce da gilashi ke nunawa nan take. Lemun tsami da tsamiya suna cin saman ƙarfen su bar shi jajaja. Masu saye na gaske suna ganin lamba mai walƙiyar da ba ta dace da shekarunta ba sai su karya farashi, wasu ma su ja da baya gaba ɗaya.

Bayan ka gama, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci. Akwai tsofaffin lambobi na dalma zalla, akwai masu cikon dalma, kuma farin garin da ke fitowa a jikinsu guba ne. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, sama da 400, ba zai bar yaro ya yi wasa da irin wannan ba.

2. Auna ta, ka gane ƙarfenta

Rubuta nauyi da giram, faɗi da kauri da milimita. Sannan ka kusanto da mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne ko nikel, ko da an shafe shi da ruwan tagulla.

Don gane sauran ba sai ka karce komai ba. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure lambar da zare, ka saukar da ita ta nutse gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindin kofi ko bangonsa ba, ka karanta abin da sikeli ya nuna. Raba nauyinta na farko da wannan adadi. In lamba mai giram 62 ta nuna 7 a cikin ruwa, amsa ta kusa 8.9 ke nan. Jan ƙarfe da tagulla suna faɗawa tsakanin 8.4 da 8.9, azurfa mai kyau 10.3 zuwa 10.5, dalma 11.3, zinariya zalla 19.3, kuza da tutiya wajen 7, alminiyam 2.7. Da wannan kaɗai za ka gane farar lambar da aka ce maka azurfa ce alhali tagulla ce aka yi wa wanka. Ka tsane ta sosai nan take, kuma kada ka yi wannan gwaji a kan baƙin ƙarfe ko lambar da ke fitar da koren gari.

Ƙarfen ma yana ba da tarihi. Alminiyam bai yi arha ba sai bayan 1886, saboda haka lambar alminiyam mai ɗauke da shekarar 1750 ta riga ta faɗi gaskiyarta.

3. Bugu ce, zubi ce, ko kwafin lantarki?

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe yadda haske zai kwanta a kan fuskar lambar, sannan ka sa gilashi.

Ta bugu, an matse faifan ƙarfe ne tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri da injin matsi. Filinta santsi ne, bakin haruffa a tsaye yake tsaf, in ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan taɓa ta da fensir sai ta yi amo mai tsawo. Ka lura da siraran layuka masu tudu da suka ratsa zane ba bisa ƙa'ida ba: hatimin ne ya tsage. Ƙananan ƙuraje masu tudu a fili kuwa alama ce hatimin ya yi tsatsa a ajiya kafin a sake ɗauko shi. Wannan yakan nuna bugun baya-bayan nan ne da tsohon hatimi.

Ta zubi, an narka ƙarfe ne an zuba a mazubin yashi ko na yumɓu, sau da yawa ta hanyar kakin zuma da ake narkarwa ya bar gurbinsa. Filinta yana da ɗan kaushi, akwai ƙananan ramuka inda iska ta maƙale, haruffa suna da ɗan taushin baki, amonta gajere ne. Sabon shiga da ya ji haka yakan ɗauka duk zubi jabu ne. Ba haka ba ne. Lambobin Pisanello duka zubi ne, haka ma hotuna sama da 500 da David d'Angers na Faransa ya yi wa mutanen zamaninsa a ƙarni na 19. Abin tambaya shi ne: ita wannan lamba, ta wace hanya aka san an yi ta tun asali? In asalinta bugu ce ka same ta zubi, kwafi ce.

In kuwa asalinta zubi ce, sai ma'auni ya yi aiki. Ƙarfe yana tsukewa in ya huce, da misalin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Wanda ya ɗauki tsohuwar lamba ya yi mazubi da ita, abin da zai fitar zai ɗan fi ta ƙanƙanta. Wanda ya kwafa daga kwafin, nasa zai ƙara raguwa, zanen kuma ya ƙara dusashewa. Lamba mai milimita 100 takan koma 98, sannan 96 da wani abu. Kada ka auna baki zuwa baki kawai, domin ana iya goge baki. Auna tsakanin wurare biyu na cikin zane, kamar daga wani harafi zuwa wani, ka kwatanta da na gidan tarihi. Wata shaidar kuma: in ka ga inuwar huda, wato zagayen rami a cike da ƙarfe, to an kwafa ne daga lambar da aka taɓa hudawa. An shafe ƙarnuka ana sake zuba lambobin Italiya ta wannan hanya, shi ya sa mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa zubin baya ne. Suna da kyau, suna da darajarsu, amma a saye su da sunansu na gaskiya.

Kwafin lantarki shi ya fi ruɗar mutane. Moritz von Jacobi ne ya fito da dabarar a 1838 a Rasha: ana sa mazubi cikin ruwan sinadari, wutar lantarki ta riƙa tara jan ƙarfe a jikinsa kaɗan-kaɗan har ya zama ɓawo. Wannan ɓawo yana ɗauko kowane ɗigo na asali, ba ya tsukewa, fuskarsa ba ta da aibi. Amma gaba da baya daban-daban ake yin su, sannan a cika da dalma a liƙe. Duba gefe: za ka ga siririn layin haɗi ya zagaye. Amo ba ya tashi, nauyi kuma ba ya dacewa da na littafi. Wasu an yi su ne a fili don karatu. Robert Ready, wanda ya yi wa gidan tarihin Birtaniya irin wannan aiki a ƙarni na 19, yakan buga RR a gefen nasa.

4. Karanta gefe

Juya lambar a hankali ƙarƙashin gilashi har ka zagaye kaurinta. Ƙaramin tambarin da bai kai ƙwayar gero ba yana iya warware maka komai.

Gidan buga kuɗi na Paris ya fi kowa taimaka mana a nan. Tun daga 1832 yake buga tambari a gefen lambobinsa, kuma tambarin yana sauyawa da zamani: fitilar mai irin ta da daga 1832 zuwa 1841, ƙugiyar jirgin ruwa haɗe da harafin C daga 1841 zuwa 1842, goshin jirgin ruwa daga 1842 zuwa 1845, hannu mai nuni da yatsa daga 1845 zuwa 1860, ƙudan zuma daga 1860 zuwa 1879, ƙaho cike da 'ya'yan itace daga 1880 har yau. Kusa da tambarin akan rubuta sunan ƙarfen: CUIVRE jan ƙarfe, BRONZE tagulla, ARGENT azurfa, OR zinariya.

Ga amfaninsa. Wannan gida yana riƙe da tsofaffin hatimansa, kuma ya daɗe yana sake buga lambobin Sarki Louis na 14 da na Napoleon ga mai so, a bisa doka. Sai ka ga fuska ta ce 1805, gefe kuma ga ƙaho. Wannan lamba ta gaskiya ce, daga gidan gaskiya, amma bayan 1880 aka buga ta, ƙila ma bayan 1960. Tsakanin farashinta da na bugun farko akwai tazara mai nisa. Sai dai rashin tambari shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ce: masu buga lambobi masu zaman kansu ba su bi wannan tsari ba, kuma macuci yana iya goge tambari. Duba ko akwai wurin da gefen ya ɗan lotsa ko launinsa ya bambanta.

Azurfar Ingila tana da nata jerin: zaki mai tafiya yana nufin azurfa kashi 925 cikin 1000, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgi Birmingham, sai harafi ɗaya mai nuna shekara. Kada ka rikita ƙugiyar Birmingham da ta Paris. A Amurka, kamfanin Medallic Art ya tashi daga New York ya koma Danbury a 1972, don haka sunan garin da ke gefe yana raba maka zamani biyu.

Lambobin soja na Ingila ba lambobin fasaha ba ne, amma su suka fi yawa a gidajenmu, kuma su ma gefe ne sirrinsu: lambar shaidar sojan, muƙami, suna da runduna duk suna nan. Akwai lambar yaƙe-yaƙen Afirka mai maƙalli da aka rubuta N. NIGERIA 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato. Lambobi masu siffar tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, kamar ta Bama, yawanci ba suna a jikinsu. Takardar sallama da hoton mai ita su ne shaidarta, kada a raba su da ita.

5. Sai yanzu ka karanta fuska

Nemi sa hannun gwanin. Yakan ɓuya a ƙarƙashin wuyan hoton mutum ko a bakin layin ƙasa. Harafin F. ko FECIT bayan suna na nufin shi ya yi, INV. shi ya tsara, SC. shi ya sassaƙa. A rubutun Latin V kan tsaya a madadin U. Shekara kuma sau da yawa da haruffan Rumawa take: M 1000, D 500, C 100, L 50, X 10, V 5, I 1, kuma ƙarami in ya gabaci babba ragewa ake yi. MDCCCLXXXIX ita ce 1889. Lambobin juyin juya halin Faransa suna da nasu lissafin, AN VIII ta faɗo tsakanin 1799 da 1800.

Na Daular Usmaniyya da Hijira suke. Ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Lambar da Sultan Abdulhamid na Biyu ya bai wa waɗanda suka ba da gudummawar gina titin jirgin ƙasa daga Dimashƙa zuwa Madina tana ɗauke da 1318, wato 1900, da tambarin sa hannun sultan da hoton kan jirgi. Ga wanda ba ya son tara hotunan mutane a gidansa, wannan fage ne mai faɗi. Haka ma jerin lambobin manyan gine-gine da Jacques Wiener na Beljiyam ya yi a tsakiyar ƙarni na 19, har da Aya Sofiya da tsohon masallacin Ƙurɗuba, inda ido ke ratsa jerin ginshiƙai a cikin faifan da bai wuce milimita 60 ba.

Batun shekarar fuska kuwa, muna da darasi a gida. Azurfar Maria Theresa da fatake suka yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa, maƙeran farfaru suka yi ta narkarwa suna yin awarwaro da zobba, kusan duk wadda za ka gani 1780 ce a jikinta. Shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan, aka tsayar da ita aka ci gaba da bugawa a Ostiriya, daga baya har a Landan, Paris, Rum da Bombay, kuma har yau ba a daina ba.

6. Kwatanta da wadda aka tabbatar

Da sunan gwani, da faɗi, da nauyi a hannunka, sai ka nemi 'yar'uwarta. Gidan tarihin Birtaniya da ƙungiyar masana kuɗi da lambobi ta Amurka sun sa dubban hotuna da ma'aunai a intanet kyauta. Ƙamus ɗin Leonard Forrer mai juzu'i 8, da aka buga tsakanin 1904 da 1930, har yau shi ne wurin farko na neman sunan mai sassaƙa. Kwatanta harafi da harafi, ba kallon sama-sama ba.

Misali: bayan nutsar da jirgin ruwan Lusitania ranar 7 ga Mayu 1915, Karl Goetz na Munich ya zuba lamba a kan abin, ya yi kuskure ya sa 5 ga wata. Ingila ta kwafe ta da baƙin ƙarfe don farfagandar yaƙi, aka sayar da fiye da 200,000. Na Goetz an rubuta MAI da Jamusanci, a yawancin na Ingila MAY ne. Harafi ɗaya ya raba lamba mai wuyar samu da wadda ta cika kasuwa.

7. Manyan alluna: kifa shi tukuna

Bayan allo ya fi gabansa magana. Na zubi yana da nauyi, bayansa da kaushin yashi, kaurinsa ba daidai yake ko'ina ba, kuma akan ga wuraren da aka yanke hanyoyin zuba ƙarfe aka goge. Na lantarki siriri ne, bayansa yana bin siffar gaba sak amma a lotse, jajaja, da ƙananan ƙulle-ƙulle masu tudu musamman a bakin iyaka. Kamfanin Elkington na Birmingham da WMF na Jamus sun yi dubbansu. Na bugun guduma, wanda aka turo zanen daga baya, za ka ga sawun guduma da kurfi. Na inji kuwa siriri ne, santsi gaba da baya, an lanƙwasa bakinsa: adon ɗaki ne na ƙarni na 20 ko da zanen ya nuna mutanen da.

Allon tutiya da aka shafa wa launin tagulla yana tona kansa a inda ya goge ko ya ɓalle, za ka ga toka-toka a ciki. Baƙin allo da mayen ƙarfe ya kama kada ka raina shi: gidajen zubi na Prusiya a Gleiwitz, Berlin da Sayn sun yi ƙananan allunan gaisuwar sabuwar shekara da baƙin ƙarfe, masu tsananin laushin aiki. Nemi sunan gidan zubi a kusurwa ko a baki, kamar Barbedienne ko Susse na Paris. Suna mai kaifi da aka buga alama ce mai kyau, suna mai dushi-dushi da ya fito tare da zubi yana iya zama an kwafo shi ne tare da allon.

Akwai wani faifan tagulla mai faɗin kusan milimita 120 da Ingila ta aika wa iyalan waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, fiye da 1,300,000, zanen Edward Carter Preston. An fara yin su a Acton, daga ƙarshen 1920 aka koma Woolwich, masu tambarin WA a baya. Sunan mamaci da tudu yake, an zuba shi tare da faifan. In ka ga suna a ƙwaƙule cikin fili da aka goge, an taɓa shi.

8. Tambayi asali, ka san doka

Allon bango da ya zo da guntun kusoshi da aka yanke, ko siminti a bayansa, daga jikin wani gini ko kabari aka ɓamɓaro shi. Kada ka saya, komai arharsa. Sayenka ne ke sa a ɓamɓaro na gaba.

Sai allunan Masarautar Binin, waɗanda suka fi kowane allon ƙarfe na Afirka suna. An zuba su ne a ƙarni na 16 da na 17 don ƙawata ginshiƙan fadar Oba, sojojin Ingila suka kwashe ɗaruruwansu a 1897. A 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Najeriya mallakar kayan Binin sama da 1,100. Wanda ya zo maka da allo ya ce na fada ne, a cikin biyu akwai ɗaya: ko sabo ne aka binne a ƙasa aka jiƙa da sinadari, ko kuwa kayan da bai halatta a sayar maka ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta hana fitar da shi waje sai da izini. In kana shakka, je gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko na Jos, ka tambaya. Magadan wannan sana'a suna nan a titin Igun a Binin suna zubi da kakin zuma. Ka sayi nasu a matsayin sabon aiki, ka rubuta sunan wanda ya yi.

9. Ajiya da ciwon tagulla

Rani abokin tagulla ne, damina ce abokiyar gabarta. Koren gari mai haske da ke tsirowa a rami-rami, in ka taɓa shi ya zube, ba launin tsufa ba ne. Gishirin da ke cikin ƙarfe ne ya haɗu da laima yana cin lambar, kuma ba ya tsayawa da kansa. Ware ta daga sauran, ka sa ta a akwatin roba mai murfi tare da ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, ka nemi mai gyaran kayan tarihi. Kada ka shafa mata mai, rufe ciwon kawai zai yi.

Kowace lamba da ambulan ɗinta, kada biyu su gogi juna. Guji leda mai taushi mai warin roba, tana fitar da kore mai danƙo. Guji jarida, ulu da robar ɗaure kuɗi, suna baƙanta azurfa. Sabon katako da filawud suna fitar da tururin da ke cin dalma. Nesa da madafa, hayaƙin janareta, turaren wuta da ɗakin batir. Allon bango kuwa kada ka huda shi. A yi masa maƙalli na katako mai shimfiɗar yadi da zai ɗauki nauyinsa daga ƙasa, kada ƙusar ƙarfe ta taɓa tagulla, kuma kada a rataye shi a bangon da ke tsattsafo.

10. Rajista

Ba wa kowace lamba lambar lissafi, ka rubuta a jikin ambulan, ba a jikin ƙarfe ba. A littafi ka sa ranar saye, wurin saye, farashi, nauyi, faɗi, ƙarfe, bugu ko zubi, tambarin gefe, da abin da mai sayarwa ya faɗa game da asalinta, ka nuna cewa faɗarsa ce. Ɗauki hoto uku: gaba, baya, gefe. Tsohon akwati, tsohuwar takardar da aka liƙa a baya, rasit, duk ka adana, domin wani lokaci su ne rabin darajar.

Wajen farashi, duba abin da aka sayar da irinta a gwanjo aka biya, ba abin da wani ke nema ba, kuma ka tabbata bugu ɗaya kuke magana a kai. Kwafin rajistar ya zauna a wani wuri daban da akwatin, sannan mutum ɗaya a gida ya san inda yake da yadda ake karanta shi, don ranar rabon gado kada a kai tarin wajen mai sikelin kilo.